Manhajar gano cutar albasa tana maƙalewa a Prolog

Ɗalibi_Marwa: Assalamu alaikum malamai. Muna gina manhajar gano cututtukan albasa daga alamomin da manomi ya faɗa, ƙa'idoji 40 a SWI-Prolog, wani nau'in Prolog, harshen rubuta manhaja da ke aiki da ƙa'idoji. Wata tambayar sai ta yi ta juyi har ma'adanar kwamfuta ta cika. Ina matsalar?

Malam_Garwa: Wa alaikumus salam. Duba ko akwai ƙa'idar da ke kiran kanta tun a sharaɗin farko. Prolog na bin ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa, sharuɗɗa daga hagu zuwa dama, kuma ba ya barin reshen binciken da ya kama sai ya kai ƙarshensa. Mayar da kiran ƙarshen ƙa'idar, ko ka sa mata umarnin table, ya riƙa ajiye amsoshin da ya samu.

Hajiya_Njamena: Ɗana, akwai abin da ya fi wannan haɗari. A wurin Prolog, duk abin da ya kasa tabbatarwa ƙarya ne. Manomi bai ambaci ruɓewar saiwa ba don bai tuge albasar ya duba ba, manhaja kuwa ta ɗauka saiwa lafiya lau! Ka ba kowace alama amsa uku: e, a'a, ban duba ba.

Malam_Garwa: Haka ne Hajiya. Ga kuma rawayar ganye, ƙarancin taki na kawo ta, yawan ban ruwa ma haka, don haka alama ɗaya ba ta ba da tabbaci. MYCIN, tsarin kwamfuta mai gano cututtukan mutane na Jami'ar Stanford, a shekarun 1970, yakan ba da makin tabbaci tsakanin -1 da +1. Ƙa'idoji biyu masu 0.6 da 0.5 kan cuta ɗaya: 0.6 + 0.5 × 0.4 = 0.8 (0.4 ɗin shi ne 1 - 0.6). Amma in dukansu daga alama ɗaya suka fito, makin zai kumbura a banza, gara ka haɗe su wuri guda.