Neman sikolashif na mastas a waje, ta ina ake farawa?

Dan_Kurna:
Salam jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min, na gama digiri a injiniyan ruwa da 2:1 yanzu ina bautar ƙasa, kuma ina so in wuce mastas a waje amma gaskiya gidanmu ba hali. Akwai wani da aka haɗa ni da shi ya ce in kawo dubu ɗari uku zai samo min gurbi a Turkiyya har da biza, wai yana da hanya a ciki. In ba shi kuɗin ne, ko akwai yadda zan yi da kaina?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka ba shi ko sisi wlh. Na Turkiyya ɗin da yake faɗa Türkiye Bursları ne, na gwamnatinsu, kuma cike fom ɗin kyauta ne a shafinsu, da wayarka ma za ka iya. Suna buɗewa cikin Janairu su rufe wajen 20 ga Fabrairu, in ka samu su ne kuɗin makaranta su ne masauki da tikitin jirgi da inshorar lafiya ga alawus duk wata, sai dai ka sani shekarar farko harshen Turkanci za ka zauna ka koya ko da kwas ɗinka da Turanci ne, wasu nan suke karaya. Mastas kar ka kai shekara 30, maki kuma kashi 75 suke nema. Su masu "hanya" ɗin nan fom ɗin da kai za ka iya cikewa shi suke cike ma, in an dace su ce aikinsu ne in ba a dace ba su ce sai haƙuri.

Malam_Bashir82:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni abin da zan ƙara, matsalar yaranmu ba rashin sikolashif ba ce, takardu ne ba sa haɗawa da wuri. Sai an buɗe fom saura sati biyu a rufe sannan mutum ya tashi neman fasfo da taranskirif, alhali kowa ya san yadda fitar da taranskirif take jan ƙafa a jami'o'inmu. Tun yanzu ka je ka nema, ka karɓi takardar da ke nuna da Turanci aka koyar da kai don wasu makarantun suna karɓarta a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, sannan ka samu malamanka biyu da suka san ka da gaske su yi ma wasiƙar shaida, ba wanda zai ce "wane ne kai kuma" ba. Ka duba Erasmus Mundus ma, na Tarayyar Turai, ana yin karatun a ƙasashe biyu ko fiye kuma alawus ɗinsu yuro 1,400 ne a wata, suna da kwasa-kwasan ruwa da muhalli. Na Hangari kuma, Stipendium Hungaricum, tsakiyar Janairu yake rufewa kuma a da ta Federal Scholarship Board, hukumar sikolashif ta gwamnatin tarayya, ake bi.

Dan_Kurna:
Allah ya saka da alheri, na gode sosai Malam. To Chevening fa? naji ana ta maganarsa

Zee_Kaduna:
Chevening ka ɗan jinkirta tukun, na Birtaniya ne mastas na shekara ɗaya amma sai kana da gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800 suke lissafawa, kuma in ka gama dole ka dawo gida ka yi shekara biyu. Su rubutunka suka fi dubawa, me ka taɓa jagoranta me ka yi wa al'umma, in ka kwafo na wani a intanet suna ganewa. Wajen Agusta suke buɗewa.

Dan_Kurna:
To bari in fara da fasfo da taranskirif ɗin. Shi kuma mutumin ya sake kira ɗazu ban ɗauka ba, yanzu wai ya rage zuwa dubu ɗari biyu 😂