Isauro Gabaldon na Filifin: me ya sa ake kiran tsofaffin makarantu da sunansa?

Malamar Firamare, Kawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. A bayanan gine-ginen makarantu na ƙasar Filifin ana yawan ambaton "makarantun Gabaldon". An ce sunan wani ɗan siyasa ne da ya yi gwamna, ya yi majalisa, ya kuma wakilci ƙasarsa a Amurka. Don Allah masana, waɗanne muƙamai ya riƙe, kuma me dokar gina makarantu da ya kawo ta ƙunsa har sunan ya kai yau? Akwai abin da za mu ɗauka a ciki mu a nan Kaduna?

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Malama. An haifi Isauro Gabaldon ranar 8 ga Disamba 1875 a San Isidro, lardin Nueva Ecija, yankin noman shinkafa a tsakiyar tsibirin Luzon. Ya yi karatu a Sifaniya, ya dawo ya karanta shari'a a Jami'ar Santo Tomas da ke Manila. Ya zama gwamnan lardinsu a 1906, ya shiga majalisar wakilai a 1907, ya koma kujerar gwamna daga 1912 zuwa 1916, ya yi sanata daga 1916 zuwa 1919, sannan aka tura shi Washington daga 1920 zuwa 1928. Ya rasu a Disamba 1942, lokacin Japan na mamaye da ƙasar.

Amma kada kalmar gwamna ta ruɗe ki, ki ɗauka irin namu ne mai zama a Gidan Sir Kashim. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Amurka a lokacin. A shekarun farko kansilolin garuruwa ne suke zaɓen gwamnan lardi, ma'aji kuwa naɗa shi ake yi daga Manila, galibi Ba'amurke. Wato gwamna yana da suna, makullin baitulmali yana hannun wani. Majalisar da aka buɗe ranar 16 ga Oktoba 1907, mai kujeru 80 da Sergio Osmeña a matsayin kakaki, ita ce wuri na farko da zaɓaɓɓun 'yan ƙasa suka fara sa hannu a rabon kuɗin gwamnatin tsakiya a ƙarƙashin mulkin Amurka. Ko ita ma duk dokar da ta yi sai ta bi ta hannun wata hukuma ta sama wadda Amurka ke naɗawa. Dokar farko da wannan majalisa ta zartar ita ce ta Gabaldon, mai lamba 1801.

Injiniya, Barnawa

Malama, a ganina dokar ta fi jerin muƙaman muhimmanci, bari in warware ta.

An ware peso miliyan 1 don gina makarantu masu ƙwari a ƙauyuka. A lokacin peso 2 ne dala 1, wato dala 500,000 ke nan. Ba a rabawa haka kawai. Ƙauyen da ke so sai ya tabbatar da yara aƙalla 60 za su riƙa zuwa kullum. Makaranta ɗaya ba za ta samu fiye da peso 4,000 ba. Sannan garin da ƙauyen ke ƙarƙashinsa sai ya kawo aƙalla rabin abin da aka ba shi, ko da kuɗi, ko da kayan gini, ko da aikin gayya. Idan gwamnati ta ba da 4,000, gari ya kawo 2,000, aiki ya tashi 6,000, kashi ɗaya cikin uku ke nan a wuyan jama'a. Sharaɗi na ƙarshe, fili ya zama mallakin garin ne, ba aro ba.

Ki yi lissafi: da kowa ya karɓi 4,000 cif, makarantu 250 kacal kuɗin zai gina. Abin da ya sa aikin ya yaɗu shi ne zane guda da kowa ke bi. William Parsons, mai zanen gine-gine na gwamnati a lokacin, shi ya fitar da tsarin: aji mai mita 7 da mita 9, sai a jera biyu ko huɗu ko fiye gwargwadon yawan yara. Ana ɗaga ginin sama da mita ɗaya daga ƙasa a kan ginshiƙai, don ambaliya ta wuce ta ƙasa, danshi kada ya ci daɓen katako, iska kuma ta riƙa ratsawa. Rufi mai tsawo na kwano, baranda, da manyan tagogi da ake tokarewa su buɗe waje. Maimakon gilashi sai aka sa ɓawon wata dabbar teku mai sheƙi da suke kira kapis, haske yana shiga amma zafin rana ba ya dukan yaro.

Inda ake samun matsala kusan kullum daga sama take farowa. Guguwa ta ɗaga kwano ɗaya, ruwa ya sauka kan katakon rufi, ya ruɓe, gara ta shigo ta ƙarasa. Sai mai gyara ya zo ya toshe ƙarƙashin ginin da bulo don a samu sito, ya cire manyan tagogi ya sa ƙanana. Daga nan iska ta daina zagayawa, danshi ya zauna, aji ya koma tanda. Da yawa an rushe su an sa sabbin gine-gine, shi ya sa a 2019 aka yi doka mai lamba 11194 don kare waɗanda suka rage.

Mu nan ba ɓawon teku za mu kwaikwaya ba, ƙurar hunturu za ta hana mu barin taga a wangale. Abin ɗauka shi ne ɗaure rufi da ƙarfe a jikin lintal, ba ƙusa kaɗai ba, saboda iskar farkon damina, da tsawon rufi, da taga biyu masu fuskantar juna.

Ɗan Jarida Mai Ritaya, Tudun Wada

Gyara kaɗan ga masu ce masa jakada. Filifin ba ta samu 'yanci ba sai 4 ga Yuli 1946, don haka ba ta da ofishin jakadanci a 1920. Muƙaminsa na kwamishina ne mazaunin Washington. Majalisar Filifin ce ke zaɓen mutum biyu, su zauna a Majalisar Wakilan Amurka, su yi magana a zaure, amma ba su da ƙuri'a. Ya yi aiki da Jaime de Veyra, daga 1923 kuma da Pedro Guevara.

Aikin diflomasiyya ne a aikace, sai dai ya zo a mummunan lokaci. Dokar Jones da Amurka ta yi a 1916 ta yi alkawarin 'yanci da zarar an samu tsayayyiyar gwamnati, amma ba ta sa rana ba, nan gizo ke saƙa. Shugaban Amurka Wilson ya shaida wa majalisar ƙasarsa a Disamba 1920 cewa an cika sharaɗin, sai ga shi wa'adinsa ya ƙare. Magajinsa Harding ya tura tawagar bincike ta Leonard Wood da Cameron Forbes zuwa Filifin a 1921, suka dawo suka ce ba a shirya ba, aka kuma naɗa shi Wood ɗin gwamna janar na Filifin. Gabaldon ya yi shekara takwas yana neman 'yanci kai tsaye a zauren da ba zai iya kaɗa ƙuri'a ba, ya ajiye aikin a Yuli 1928. Sai a 1934 dokar Tydings-McDuffie ta sa wa'adin shekara 10.

Jami'in Ilimi, Rigasa

Injiniya ya yi bayani, amma zan ƙara gefen da ya shafe mu. Tsarin "kawo naka a ba ka" shi ne dai na dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004: kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya yana tafiya UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, jiha ta kawo naira a kan naira ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, kafin ta ɗauka. Bambanci biyu ne. Namu rabi da rabi ne, nasu kashi ɗaya cikin uku. Namu kuma kuɗi tsaba ake nema, nasu yashi da katako da ƙarfin matasa duk ana ƙirgawa.

Ciwon tsarin iri ɗaya ne ko'ina: wanda ya fi buƙata shi ya fi kasa kawo nasa kason. Sharaɗin yara 60 ma yana barin ƙananan ƙauyuka da rugage a baya. Sharaɗin fili kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Malama, idan kwamitin makarantarku zai fara da abu ɗaya, a fara da auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a nemi takarda a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, kafin a sauke tifar yashi ko ɗaya.