Neman shawara: kalmomin Girkanci a cikin Latin suna ruɗa ni wajen fassara

Ɗalibi: Salamu alaikum malamaina. Ina karatun Latin, na fassara *paedagogus* da "malami", *schola* kuma da "makaranta", aka soke min duka biyun. Ta yaya zan gane kalmar da aka aro daga Girkanci, kuma wace ma'ana zan bi?

Malam: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya soke yana da gaskiya. A Roma *paedagogus* bawa ne mai raka yaro wurin karatu yana lura da tarbiyyarsa, ba shi ke koyarwa ba. *Schola* kuwa asalinta *scholē*, lokacin hutu, kuma a wajen Cicero, marubucin Roma, sau da yawa lacca ce ko muhawarar ilimi. Makarantar yara *ludus* suke cewa. Kuskurenka shi ne ɗaukar ma'anar yau ka ɗora wa marubuci irin Cicero, da ya rasu shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa. Kafin ka fassara, tambayi kanka wa ya rubuta, a wane ƙarni.

Wajen ganewa, duk inda ka ga y, z, ph, th ko rh, to ka yi zargin Girkanci. Amma tsofaffin aro sun saje: *purpura* daga *porphyra*, *poena* daga *poinē*, babu wata alama a jikinsu.

Malama: Ƙari a kan bayanin Malam, ma'anar Girkancin ma kar ka amince da ita ido rufe. A birnin Atina na Girka *sykophantēs* mai kai ƙarar ƙarya ne, a wasannin kwaikwayon Plautus na Latin kuwa *sycophanta* ɗan damfara ne. *Tyrannus* a bakin Cicero azzalumi ne, amma a littafi na 7 na *Aeneid*, doguwar waƙar da Virgil ya rubuta, Sarki Latinus ya kira gwarzon waƙar, Aeneas, da ita alhali zumunci yake nema da shi. A can "sarki" kawai za ka sa. Haka *ecclesia*: a wasiƙun Pliny, wani marubucin Roma, taron mutanen gari ne, sai a rubutun Kiristoci irin na Tertullian, wajen shekara ta 200, ta zama coci.

Wani ɗan'uwa: Nahawu ma yana kayar da mutane. *Aera* da *Aenean* siffar karɓau ce ta Girkanci, daga *aer* da *Aeneas*. Mai jiran *-em* ko *-am* sai ya rasa karɓau a jimlar. *Poeta* da *nauta* maza ne a nahawu duk da ƙarshensu *-a* da aka fi sani da kalmomin mata.

Ka buɗe Logeion, shafin intanet mai ƙamusoshin Latin da Girkanci, kyauta ne. Ƙamus ɗin Lewis and Short na 1879 yana sa alamar † gaban kalmar da aka aro daga Girkanci, sai dai yana haɗa misalan zamuna daban-daban, don haka duba sunan marubuci a kowane misali. Oxford Latin Dictionary ya tsaya kan marubutan da ba su wuce wajen shekara ta 200 ba, shi ya fi dacewa da Cicero da Virgil.