Na sa Debian 12, baƙin allo kawai nake gani, a taimaka

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar yayana ce, tsohuwar HP mai RAM 4GB, ya bar min ita da ya sayi sabuwa. Windows ɗin kanta ya yi nauyi, kuma ranar Litinin zan kai wa malami babi na biyu na furojet, shi ya sa jiya da daddare na goge komai na sa Debian 12, wani nau'in Linux, da ƙaramin ISO (fayil ɗin sawa) ɗin nan, netinst. An gama lafiya. Amma da ta tashi babu linzami, babu komai, sai baƙin allo da "login:". Na shiga, na buga startx, umarnin da ke buɗe allon hoto, ta ce command not found. sudo ma haka. Na lalata ta ne?

Injiniya: Wa'alaikumussalam. Ba abin da ka lalata. Amma ka tsallake abin da ya fi muhimmanci: lokacin sawa akwai intanet a jikinta?

Sabon Shiga: Babu. Data ta yi tsada, sai na tsallake wurin mirror, inda ake zaɓar sabar da za a sauke manhajoji daga ita.

Injiniya: To ga matsalar nan. Netinst ginshiƙi kawai yake ɗauke da shi, desktop ɗin, wato allon hoto mai linzami, daga intanet yake jawo shi. Sudo kuwa, tunda ka ba root (asusun mai cikakken iko) kalmar sirri, Debian ba ta saka maka shi. Buga `su -`, da wannan ɗan layin a ƙarshe. Haɗa wayarka da kebul, kunna USB tethering, buga `ip a`, za ka ga sabon suna, usb0 ko mai farawa da enx. Sai `dhclient` da sunan, don kwamfutar ta samu intanet daga wayar. Buɗe `nano /etc/apt/sources.list`, sa # a farkon layin `deb cdrom`, ƙara wannan:

`deb http://deb.debian.org/debian bookworm main non-free-firmware`

Sannan `apt update`, sai `apt install task-xfce-desktop`. Zai kawo Xorg mai zana allon hoto, da LightDM allon shiga, da NetworkManager mai haɗa wifi. Kafin ka danna Y zai nuna maka yawan abin da zai sauke.

Ɗan Kasuwar Waya: Baƙin allo ai katin hoto ne. A GRUB, menun da ke fitowa in kwamfuta na tashi, ka danna e, ka ƙara nomodeset bayan quiet, sai F10.

Injiniya: A'a malam. Mutum yana ganin login yana rubutu, allon na aiki ke nan. Nomodeset na wanda hoto ya ɗauke masa gaba ɗaya ne. In ya bar shi a nan, direban Intel ɗin zai kashe, rubutu ya koma ƙato-ƙato.

Auntyn Lab: Ƙanena, Litinin kake magana. Sauke Linux Mint Xfce, ka gwada daga filasha, ka sa, ka yi aikinka. Abin da ke ba ni haushi ke nan a gidan nan, duk sabon shiga sai an tura shi Debian, gobe ya gudu ya ce Linux wahala ce.

Injiniya: ISO ɗin Mint ya haura 2GB, shi kuma kukan data yake. In ya ƙara `--no-install-recommends` a kan `xfce4 lightdm xorg`, abin da zai sauke bai kai kusa da haka ba.

Auntyn Lab: Ya tashi babu NetworkManager, ya dawo yana tambayar ina wifi.

Sabon Shiga: Aunty ba wanda ya tura ni, ni na zaɓa, Debian ce a kan sabar makarantarmu. Kuma ba zan sake gogewa ba. Yallabai na gyara layin, amma dhclient ya ce command not found, apt update kuma "Temporary failure resolving deb.debian.org".

Injiniya: `su` ka buga ko `su -`? In babu ɗan layin nan bayan su, /sbin ba ya shiga PATH, jerin wuraren da ake neman umarni. Gwada `/sbin/dhclient`.

Sabon Shiga: Su kawai, ai duk root ne. Wayar ma ta mutu yanzu, ba wuta tun la'asar.

Ɗan Kasuwar Waya: Ni dai ka gwada nomodeset ɗin.