Neman kalma: me za mu kira kyamara irin XPan da Hausa?

Mai zare:
Assalamu alaikum. Masu hoto da malaman Hausa, ku matso kusa, akwai aiki. Ina so in rubuta bayanin wata kyamara, sai dai sunan jinsinta a Turance kalmomi uku ne a jere, panoramic da rangefinder da film, kuma kowacce ta ƙi zama a bakina.

Kyamarar ita ce Hasselblad XPan. Kamfanin Hasselblad na Suwidin ne ya fito da ita a 1998, amma Fujifilm ne ya ƙera ta a Japan, a can kuma sunanta TX-1. A 2003 aka fito da ta biyu, a 2006 aka daina yin ta, shekarar da dokar Tarayyar Turai ta hana dalma a kayan lantarki ta fara aiki. Fim ɗinta irin na kowa ne, mai milimita 35. Inda ta bambanta shi ne, sauran kyamarori hotonsu a jikin fim milimita 24 ne da 36, nata kuwa 24 da 65, ya kusa kai hoto biyu a manne. Kuma tana da ɗan maɓallin da za ka murɗa ka koma ƙaramin, ko da fim ya kai tsakiya.

Mu fara da panorama. Abin da ya fara zo mini shi ne "hoto mai faɗi". Wa ke da wanda ya fi shi?

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hoto mai faɗi bai ce komai ba. A shago in mutum ya ce mini yana son mai faɗi, babban kati zan ɗauko masa. In ka ce "dogon hoto" kuma, kowa zai ɗauka wanda aka ɗauki mutum ne daga hula har takalmi. "Hoton kwance" ma yana da mai shi, don duk hoton da ba a tsaye yake ba a kwance yake.

Malama:
Malam, asalin kalmar daga Girkanci aka haɗa ta, ma'anarta ganin duka. Ba ma don kyamara aka ƙirƙiro ta ba. Wani mai zane ne, Robert Barker, ya yi rajistar dabararsa a 1787: zane a jikin bangon ɗaki mai da'ira, mai kallo ya tsaya a tsakiya, duk inda ya juya ya ga birni. Idan asali za mu bi, "hoton kewaye" ne. Ni dai na fi karkata ga "shimfiɗaɗɗen hoto".

Ɗan Damagaram:
Malama, a bar shimfiɗa a ɗaki, Allah ya ba ki haƙuri. Ranar da aka ce wane mai hoton shimfiɗa ne, sai ya nemi wata unguwar. Mu nan da Faransanci muka tashi, fanorama muke ce mata, kuma ba wanda ya mutu.

Mai zare:
Ba wanda ya mutu, amma ba wanda ya gane, in ban da wanda ya riga ya sani. Ni so nake wanda bai taɓa ganin hoton ba ya ji sunan, siffar ta faɗo masa a rai.

Kewaye kuma ba zai yi wa XPan ba, Malama, don ba ta kewaya komai. Ga lissafin. Gilashin ɗauka uku aka yi mata: na milimita 30, da 45, da 90, kuma mai ƙaramar lamba shi ya fi faɗin gani. Na 45, wanda aka fi amfani da shi, yana kwaso wajen digiri 71 daga hagu zuwa dama. Na 30 yana kwaso wajen 94. Na 90 kuwa kusan 40 ne kawai, daidai da abin da gilashin milimita 50 ke gani a kyamarar da aka saba. Ke nan da na 90 babu wani faɗin gani na a zo a gani, amma hoton da ya fito duk duniya panorama take ce masa. Me ya sa? Saboda siffarsa. Tsawonsa ya ninka tsayinsa sau biyu da rabi har da ɗoriya. To a wannan kyamarar, siffar hoton ce ake nufi, ba yawan abin da ido ya kwaso ba. Sunan da za mu ba shi dole ya bi siffa.

Baba Mai Hoto:
In siffa kake nema ai an gama. Zungureren hoto ne.

Mai zare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta sai da na yi dariya, amma da na sake dubawa sai na ga babu inda ya baude. Zungurere abu ne mai tsawo marar kauri. Bai ce a tsaye ba, bai ce a kwance ba, kuma hakan ya yi mana daidai, don masu XPan sukan kifa ta a gefe su ɗauki dogon bene ko bishiya daga ƙasa har sama. Abin da kawai nake tsoro shi ne kada kalmar ta yi kama da ba'a a rubutu.

Malama:
Ba ba'a ba ce. Muna cewa zungureriyar mota, jaridu suna rubuta zungureriyar wasiƙa, ba a taɓa cewa an yi wasa da harshe ba. Ta ma fi tawa, don tana da dangi a shirye: zungurere, zungureriya, zungura-zunguran hotuna. Na janye shimfiɗa, Ɗan Damagaram ya kwantar da hankalinsa.

Amma kada a jefar da kewaye. A ajiye shi don hoton da ya zagaye digiri 360. Akwai kuma wasu na tsakiya da ya kamata a ba su suna, irin Widelux ta Japan da Horizon ta Rasha, waɗanda gilashinsu ke juyawa daga gefe zuwa gefe yayin ɗauka. Horizon tana share digiri 120. Su ma zungureren hoto suke bayarwa, amma ta wata hanya dabam, shi ya sa in an ɗan karkata su miƙaƙƙen layi yake lanƙwashewa. Ni "mai waige" zan ce musu.

Mai zare:
Mai waige ta shiga ba gardama. Saura babbar, rangefinder.

Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba: ba ta cikin gilashin ɗauka kake kallo ba. Tagar leƙe dabam take, a sama. A gaban kyamarar akwai wata 'yar taga kuma, nesa kaɗan da ta farko, kowacce tana ganin abu daga nata ɓangaren. Miƙa yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Iyakar dabarar ke nan. In ka leƙa, a tsakiya akwai ɗan fili mai haske, a cikinsa abin da kake son ɗauka ya rabu biyu. Sai ka riƙa murza zoben gilashi, biyun suna matsowa, har su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗe, saiti ya yi. Sauran abin da ke cikin tagar kuwa tun farko tar yake, na kusa da na nesa, ko saitin ya yi ko bai yi ba, don haka ɗan filin nan kaɗai ne shaidarka.

Na rubuta "ma'aunin nisa". Ku duba mini.

Ɗan Damagaram:
Da Faransanci telemetir ne, awon nesa ke nan, ka ga kun yi daidai. Jamusawa ma awo suka sa a sunan. Harafin M na kyamarorin Leica, tun daga M3 ta 1954, daga kalmarsu Messsucher yake, tagar leƙe mai awo.

Malama:
Awon na yarda da shi, nisan ne ban yarda ba. Gilashin 45 na XPan yana saituwa tun daga santimita 70. Abin da ke gabanka kamu ɗaya da rabi ba ka ce yana da nisa. Kalmar da ba ruwanta da kusa ko nesa ita ce tazara, abin da ke tsakaninka da shi. Ma'aunin tazara shi ne na'urar, kyamarar kuma mai awon tazara.

Baba Mai Hoto:
Malama, ku masu littafi ne. Ni da na riƙe irin waɗannan a hannu ban taɓa jin ina auna komai ba. Ba ka duba lamba, ba ka lissafi. Inuwa biyu kake gani, ka haɗa su, ka ƙyasta. In yaron shago ya tambaye ni, ce masa zan yi: nemi abu mai tsayayyen layi, bakin ƙofa ko gefen hula, ka haɗa inuwar a kansa. A kan farar riga ko bango ba za ka ga komai ba. Kuma in ka juya kyamarar a tsaye, sai ka nemi layin da ke kwance, ko ka saita tukuna sannan ka juya. Ni "mai haɗa inuwa" na sani.

Mai zare:
A nan sai na raba gardama, don kowa da gaskiyarsa amma ba abu ɗaya kuke suna ba. Malama na'urar take suna, Baba aikin hannu. Ma'aunin tazara yana da wani amfanin: magina suna da nasu mai aiki da hasken lesa, sojoji ma suna da nasu, duk sunan zai ɗauke su. Haɗa inuwa kuwa na mai hoto ne shi kaɗai, kuma da shi za a koyar. Saboda haka a sunan kyamara zan rubuta mai awon tazara, a wurin bayanin yadda ake yi zan ce haɗa inuwa. In an tilasta mini in zaɓi ɗaya, na Baba zan ɗauka, don wanda ya ji shi ya riga ya san rabin aikin.

Ta ukun, wato film, na zaci ba ta da wuya, tunda muna da fim. Amma "kyamarar fim" kowa Kannywood zai tuna.

Baba Mai Hoto:
Mai dodo. Da dodon hoto muka san ta, wato fim ɗin da in an wanke shi fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari.

Ɗan Damagaram:
Baba, ba kowane fim ke ba da dodo ba. Akwai irin su Velvia na Fujifilm, wanda in an wanke shi launin gaskiya ke fitowa a jikinsa, ka ɗaga shi a haske ka ga hotonka yadda yake, kuma masu ɗaukar tsaunuka da XPan sun yi amfani da shi sosai. "Ta wanki" ma ba za ta yi ba, don yanzu hoton waya ma cewa ake a kai a wanke.

Malama:
To a ce mai cin fim, yadda ake cewa mai cin batir.

Mai zare:
Ta kuwa ci sunanta. Fim mai hoto 36, zungura-zungura 21 kawai yake ba ta. Tana ma da wata ɗabi'a: da ka sa fim ka rufe, sai ta warware shi duka zuwa ɗaya gefen, sannan duk hoton da ka ɗauka ta mayar da shi cikin gwangwaninsa, lamba tana raguwa maimakon ƙaruwa. Ko murfin baya ya buɗe bisa kuskure, mafi yawan abin da ka ɗauka ya riga ya shige duhu.

Ga yadda zan rubuta a farkon bayanin: kyamarar zungureren hoto, mai awon tazara, mai cin fim. Daga nan sai in riƙa cewa mai zungurere kawai.

Baba Mai Hoto:
Ka ƙara wannan a bayanin naka, ɗana. Duk wanda zai kai irin wannan fim wanki, ya faɗa wa mai wankin tun a bakin ƙofa cewa zungurere ne, kada ya yanka. Yawancin injinan an yi su ne don hoto mai milimita 36, hannun mai almakashi ma haka ya saba, yana iya raba maka hoto ɗaya gida biyu. A karɓo shi a naɗe yadda yake, a yanka a gida, bibbiyu ko uku-uku.