Wai da gaske asalin kalmar minista "bawa" take nufi?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Jiya na ji wani yana cewa kalmar minister ta Turanci, wadda muka ara muke cewa minista, asalinta bawa take nufi. Wai daga Latin ta fito, tushenta minus, wato abin da yake ƙasa da wani. In haka ne, duk mai riƙe da wannan muƙami sunansa ma shaida ne cewa shi bawan jama'a ne. Abin ya tsaya mini a rai tun jiya.

Tsohon Lakcara: Wa'alaikumus salam. Malam, batun minus gaskiya ne. Romawa suna da kalmomi biyu masu kishiyantar juna. Akwai magister, daga magis, wato fifiko, ita ce ta haifi master da kuma Mista da muke kiran mutane da shi. Sai minister, na ƙasa ke nan. Amma bawa a Latin servus ne. Minister shi ne mai hidima a ƙarƙashin wani, ko ɗa ne ko bawa: mai miƙa abinci a teburin maigida, ko mai taimaka wa jagoran ibada. Da Hausa hadimi ko bara ya fi dacewa.

Ɗaliba daga Damagaram: Baba, haka muka koya a nan Nijar. Ta Faransanci kalmar ta shiga Turanci, wajejen shekarar 1300, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 harshensu ya mamaye fada da kotu. Amma ni ban yarda asalin kalma hujja ne a kan ma'anarta ta yau ba. Malam daga mu'allim ne, mai koyarwa, ga shi yau direban mota ma malam muke ce masa, kuma ba wanda zai ce sai ya buɗe makaranta.

Malamin Firamare: Ƙanwata, misalinki ya yi, sai dai ita wannan ma'anar ba ta mutu ba. Har gobe Bature yana amfani da minister a matsayin aikatau in ana maganar jinyar mara lafiya ko kula da mabuƙaci. Majami'u da yawa fastonsu minister suke ce masa, da nufin mai hidimar addini. Kalmar administration ma daga nan take. Me ya sa a siyasa kaɗai za a ce hidimar ta fita?

Tsohon Lakcara: Hidimar ba ta fita ba, Malam. Tambayar ita ce hadimin wa? A ƙarni na 17 ne kalmar ta zauna da ma'anar babban jami'in gwamnati a Ingila, kuma abin da ake nufi shi ne hadimin sarki. Ƙanƙantarsa a gaban sarki take, talaka kuwa sama yake ganinsa. Shi ya sa laƙabin firayim minista ya fara a matsayin gori, ana nufin baran da ya ɗaga kansa sama da 'yan'uwansa barori. Robert Walpole, wanda ya riƙe gwamnati daga 1721 zuwa 1742 kuma ake lissafa shi na farko, da bakinsa ya musanta laƙabin a majalisa a 1741. Mu ma mun san irin wannan. A fadar Kano ta da, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimi ma yana lallaɓa su in yana neman kunnen sarki. Kusanci da mai mulki shi ke mai da bara babba.

Hajiya ta Kaduna: Allah ya ƙara sani, Baba. Ni abin da ya zo mini shi ne waziri. A Suratu Ɗaha, Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah ya sanya masa waziri daga iyalinsa, ɗan'uwansa Haruna. Malamai suna danganta kalmar da ɗaukar nauyi, wato mai taya shugaba kaya. Larabawa har yau minista wazir suke ce masa. Harsuna biyu, ga tunani ɗaya: mataimaki ne ga na sama da shi.

Malamin Firamare: Na janye kalmar bawa, na karɓi hadimi. Amma Baba, ba sarki muke da shi a Abuja ba. Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama ministan ayyuka a 1952, akwai gwamna Bature a sama da shi. Yau tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'ar Najeriya ne. In maigidan ya sauya, ai hidimar ma ta koma ga sabon maigida.

Ɗaliba daga Damagaram: Wannan hujjar na yarda da ita, Malam, domin daga tsarin mulki ka ɗauko ta. Latin ba shi ya ba ka ita ba.

Tsohon Lakcara: Ko a wannan tsarin mulkin, 'yata, shugaban ƙasa ne yake naɗa minista, majalisar dattawa ta tantance shi, kuma shugaban ne yake sauke shi ranar da ya ga dama.