Yaya ake kauce wa cizon kaska a daji?

Mai_Zango: Jama'a, wanda zai yini cikin doguwar ciyawa, me zai yi ya tsira daga kaska da ƙananan jajayen ƙwarin nan masu sa ƙaiƙayi a ƙugu?

Ɗan_Dawa: Malam, fara da sutura. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle, a bakin ciyawa take jira ka goga ta. Sa dogon wando mai farin launi, ka cusa ƙafarsa cikin safa. Fesa wa tufafi da takalmi maganin kashe ƙwari da ake kira permethrin mai kashi 0.5 cikin ɗari, a bar su su bushe sarai. Ba a shafa shi a fata, kuma ɗanyensa guba ne ga kyanwa. Fatar da ke waje, maganin korar ƙwari na shafawa mai DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya wadatar.

Uwar_Gida: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa: yi wanka da sabulu cikin awa 2 da dawowa. Jajayen ƙwarin ba sa shiga cikin fata, yawunsu ne ke sa ƙaiƙayin, wanka kuwa na kakkaɓe su. Duba hammata, cibiya, bayan kunne, matsematsi da cikin gashi ko akwai kaska.

Likitan_Dabbobi: In kaska ta riga ta kama, sa hantsaki mai tsini dab da fata, ka ja sama a hankali ba murɗawa. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai, hakan na iya sa ta zubo yawu cikin ciwon. Kar a murƙushe ta da yatsa. Zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa cikin kwana 30, sai asibiti, a faɗa musu cizon kaska ne.